Yini guda a Wusasa: Hirata da wani Rabaran kan ƙirƙirarriyar basira

Ranar wata Asabar cikin hunturu na ture takardun ɗalibai gefe na kama hanyar Wusasa. Abin da ya kore ni daga gida shi ne wasu kundayen bincike da na kwana ina dubawa, Turancinsu sumul kamar an goge da dutsen guga, amma babu ƙamshin marubutansu ko kaɗan. Tun da ChatGPT ya bayyana a ƙarshen 2022, mu malaman jami'a ba mu ƙara karanta aikin ɗalibi da kwanciyar hankali ba.

Da na wuce Ɗan Magaji sai ga Dutsen Kufena ya leƙo ta cikin hazo. Wusasa ƙaramar unguwa ce a bayan ganuwar Zariya, amma tarihinta ya fi girmanta. Nan ne mishan ɗin su Dokta Walter Miller ya koma bayan ya bar cikin birni, aka kafa makaranta da asibiti. Nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, nan kuma Dokta R.A.B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu suka sha ruwan ilimi. Tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ta 1929 tana nan, ginin ƙasa irin na magina Hausawa, mai kaurin bango da bakan gizo. Da ka shiga sai sanyi ya ratsa ka kamar ka shiga zauren wani basarake.

A ƙofarta muka haɗu da abokina, wanda muka yi sakandare tare. Yanzu Rabaran ne a wani ƙauye da ke bayan gari, ya shigo duba wata tsohuwa daga cikin mabiyansa da ke kwance a asibiti. Babur ɗinsa ya yi buɗu-buɗu da ƙura. Muka zauna a inuwa, na fara zuba masa kukana. Ya saurara har na gama, sannan ya yi murmushi.

"Dakta, ai ciwon naka ya iso coci," in ji shi.

Ya ce a makon nan ya yi jana'iza, ya sasanta wasu ma'aurata har tsakar dare, ya raka wata gwauruwa wurin mai unguwa kan rikicin gona, ya kuma bi gida-gida neman kuɗin makarantar wani maraya. Ɗan abin da ake ba shi a wata, man babur ke cinye kaso mai tsoka. Kafin ya zauna shirya wa'azin Lahadi, daren Asabar ya yi, jiki ya mutu, ga babu wuta. Wani matashi ne ya nuna masa yadda zai sa waya ta rubuta masa wa'azin.

"Na gwada, ba zan ɓoye maka ba. Cikin minti ɗaya ta ba ni shafi uku. Amma Hausarta kamar an sa wa Bature babbar riga. Ta kuma kawo wata aya, na buɗe Littafi Mai Tsarki na duba wurin da ta ambata, na tarar wata magana ce daban. Da na hau mumbari da ita fa?"

Na ce masa ai ni ma ɗalibaina suna kawo mini sunayen littattafan da ba a taɓa bugawa ba. Muka yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo.

Sai dai bai yi watsi da na'urar gaba ɗaya ba. Yana amfani da ita wajen tsara wasiƙun Turanci da jadawalin taro. Abin da ya ƙi shi ne ya miƙa mata bakinsa. A cewarsa, jama'arsa sun san shi, shi ma ya san wanda ya kwana da yunwa a cikinsu, kuma wa'azin da bai san wannan ba iska ce kawai.

Ina kallon bangon majami'ar sai na tuna cewa cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai a 1932, bayan shekaru ana kai-kawo kan kalma ɗaya-ɗaya tsakanin Turawan mishan da Hausawan da suka yi aiki tare da su. Wahalar nan ce ta sa suka mallaki abin da suka rubuta. Ita ce kuma ɗalibanmu ke tsallakewa, mu kuwa muna taya su, domin muna ba su aikin da na'ura za ta iya, a aji mai ɗaruruwan kawuna da ba mu san sunayensu ba. Laifin ba nasu ne su kaɗai ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Da la'asar ya tashi zai koma asibiti, domin tsohuwar ta roƙi ya yi mata addu'a kafin ya tafi. Ni kuma na juyo gida da shawarar da na yanke: daga zangon karatu mai zuwa, duk ɗalibin da ya miƙo mini kundi zai zauna gabana ya kare shi da bakinsa, shafi bayan shafi. Zai ci mini lokaci, na sani. Amma Rabaran yana hawa babur cikin ƙura domin tsohuwa guda, ni kuwa kujera kawai zan jawo.