Kiren A Bayan Tsohuwar Motar Soja

Duk wanda ya zauna a Hartum ko Umdurman ya san Magirus, motar sojan nan ƙirar Jamus wadda mutanen gari ke kira Majarus. Injinta ba ya shan ruwa, iska ce ke sanyaya shi, shi ya sa ta dace da zafin ƙasarmu. Idan soja sun gama da irinta aka yi gwanjo, sai ta faɗo hannun makanikai. A kan irin wannan mota na koyi ɗora kiren, wato injin ɗaga kaya mai aiki da ƙarfin mai, kuma abin da na koya nake so in bar wa samarinmu.

A 1998 nake yaron gareji a unguwar masana'antu ta Umdurman, a hannun wani Usta, dattijo mutumin Mai Wurno. Shekara ɗaya ke nan da Amurka ta saka wa Sudan takunkumi, wanda ba a ɗage ba sai 2017, saboda haka sabon kayan gyara ya yi wuya. Wani ɗan kasuwa ya kawo mana Majarus da tsohon kiren na Hiab, kamfanin Suwidin da aka kafa a 1944, yana so a haɗa masa su ya riƙa ɗaukar injinan wuta da na ban ruwa.

Mu yara duk hannun kiren ɗin muke kallo. Usta kuwa sai ya shige ƙarƙashin mota, ya ce, "'Ya'yana, ku zo nan, a nan aikin yake." Ya nuna mana cewa an yi shasin motar soja ne domin ya riƙa murɗewa a kan rairayi da kwazazzabai, kiren kuwa yana son wurin zama wanda ba ya motsi. Idan ka yi masa walda kai tsaye a jikin shasi, wata rana sai ya tsage. Don haka muka ƙera wani firam na ƙarfe mai kauri, muka ɗaure shi da noti a bayan kan mota, muka ja bodi baya, sa'an nan muka sa ƙafafu biyu masu sauka ƙasa a dama da hagu.

Daga nan sai famfo. A jikin akwatin giya ake ɗaura shi, injin mota ya juya shi, shi kuma ya tura mai ta cikin tiyo zuwa silinda. Mai ba ya matsuwa, duk inda aka tura shi sai ya tura abin da ke gabansa. Amma fa ba ya son datti ko kaɗan. Ƙurar habub idan ta kwanta a kan sandar silinda sai ta karce ta, ta cinye robar da ke tare mai, hannun kiren ya riƙa sauka da kansa da kaya a rataye. Sati biyu muka yi muna wanke tanki, muna goge sanda, mai injin feƙe ƙarfe yana yanka mana abin da babu a kasuwa.

Abu uku Usta ya hana mu. Kada a laluba yoyon mai da hannu, domin yana iya huda fata ya shiga jiki, sai dai a kara kwali. Kada a ɗaga kaya ba a sauke ƙafafu a kan katako ba. Na uku, kada a ƙara matse bawul ɗin da ke rage ƙarfin mai don mai mota yana son a ɗauki abin da ya fi kima. Kiren da ke ɗaga tan 4 a mita 2, idan ya miƙa hannu mita 8, da ƙyar zai ɗaga tan 1. Na ga wata mota ta wasu maƙwabtanmu ta kwanta gefe ɗaya saboda an raina wannan lissafi, direban bai ƙara tafiya daidai ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya watsa mu, an wawashe garejoji da masana'antu, an farke na'urorin wutar lantarki don a sace wayar jan ƙarfe. Da soja suka karɓe Hartum a watan Maris 2025 jama'a suka fara komawa, sai ga baraguzai da ƙonannun motoci da famfunan ruwa, kowane yana jiran abin da zai ɗaga shi. Inda ake irin wannan aiki, mai kiren ba zai rasa abin kai wa gida ba.

Kakanninmu da suka biyo hanyar hajji daga Kano da Sakkwato da sana'ar hannu suka tsaya da ƙafafunsu a ƙasar nan. Saboda haka ina kira ga iyaye, duk mai yaron da hannunsa ke son ƙarfe, ya kai shi wurin Usta mai tsoron Allah, ya yi haƙuri da shekarun koyo. Ku kuma samari, ranar da aka ba ku kiren, ku fara duba ƙasansa da mansa kafin ku taɓa hannunsa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.