Aljabra a Allon Waya: Karatun da Ɗalibi ke Ja wa Kansa Linzami

Kalmar aljabra ta samo asali ne daga littafin da Muhammad bn Musa al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma asalin ma'anar al-jabr a Larabci ita ce ɗori, irin wanda ake yi wa ƙashin da ya karye, domin aikin wannan fanni shi ne a cike abin da ya tauye a wani ɓangare na lissafi har ɓangarorin biyu su daidaita. Ƙasar Katsina ba baƙuwar ilimin ƙidaya ba ce, don kuwa Muhammad al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan wafaƙi, wato murabba'in lambobin da jimlarsu ke zama ɗaya ta kowace fuska.

Abin da ake nufi da matsakaiciyar aljabra shi ne zangon da ke tsakanin sanin cewa harafi na iya tsayawa a madadin adadin da ba a sani ba, da kuma manyan darussan jami'a. A nan ne ɗalibi ke haɗuwa da daidaito mai murabba'i, wanda a cikinsa ake ninka ɓoyayyen adadin da kansa. Idan aka ce gona a Kurfi tsawonta ya ɗara faɗinta da mita 10, girman filinta kuma murabba'in mita 600 ne, hanyar al-Khawarizmi ita ce a ɗauki rabin 10, wato 5, a ninka shi da kansa ya ba da 25, a haɗa da 600 a sami 625, a ciro tushensa wanda shi ne 25, sannan a ɗebe 5 ɗin farko, sai faɗin gonar ya bayyana mita 20, tsawonta kuma 30. Kowane taki a wannan warwara ya jingina ne da wani darasi na baya, shi ya sa wanda ya tsallake ninkin lambobi ko sulusi da rubu'i a firamare yakan zo nan ya cije, alhali yana zaton aljabrar ce ta fi ƙarfinsa.

Wannan jinginar ce ta sa kwas ɗin intanet da ɗalibi ke bi daidai da saurinsa ya dace da fannin ƙwarai. A ajin sakandare malami yana bin manhaja da agogo, ba ya iya tsayar da aji guda saboda mutum uku da suka ɓace tun makon jiya; a dandali irin su Khan Academy, wanda Salman Khan ya kafa a Amurka a 2008, ɗalibi yana iya maimaita bidiyo sau goma, ya koma darasin 'yan firamare ba tare da wani ya yi masa dariya ba, kunyar da ke hana tambaya a aji kuwa ba ta da wurin zama. Ga matashin Dutsin-Ma da ke neman kiredit a lissafi a jarrabawar WAEC ko NECO, wanda sai da shi ake shiga yawancin kwasa-kwasan Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin a 2011, da ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da gobe zai tsaya gaban allo ya koyar da wasu, wannan dama ba ƙarama ba ce.

Tsarin kuma bai kamata ya zama baƙo ga Bahaushe ba. A makarantar allo kowane almajiri yana wurin karatunsa, wani na farkon izu wani na ƙarshe, kuma ba a wanke allo sai an biya wa malam ya gamsu. Haka ma a zaure, kowa da littafinsa da inda ya tsaya. Sai dai a nan ne kamar ta ƙare, domin makarantar allo ta bar wa ɗalibi saurinsa amma ba ta bar masa hukuncin ko ya iya ba. Na'ura tana duba amsar ƙarshe, ta ce daidai ko kuskure, amma ba ta ganin layin da alamar ɗebewa ta juye ta zama ta haɗawa, ba ta kuma lura idan kujera ta yi mako uku babu kowa a kai. Kallon ƙwararre yana warware lissafi yana da daɗi, har mai kallo ya ɗauka ya iya, ranar jarrabawa kuma takarda ta tona asiri. Wanda bai cika littafi da biro da hannunsa ba, kallo ya yi, bai yi karatu ba.

Akwai kuma abin da masu tsara waɗannan darussa a ƙetare ba su sa a lissafinsu ba. Bidiyo na cinye data, waya na bukatar caji, darussan kuma da Ingilishi suke, ta yadda ɗalibi ke kokawa da harshe kafin ya kai ga lambobi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Dutsin-Ma da Kurfi na cikinsu, sai karatun da aka ce ba shi da lokaci ya tsaya cak na tsawon watanni. A 2022 kuwa abin ya zo ta ɗaya fuskar: yajin aikin malaman jami'a ya rufe azuzuwa daga Fabrairu zuwa Oktoba, mai waya da data a lokacin yana da ƙofar da ba a kulle ba.

Mafi dacewa ga ɗalibin waɗannan garuruwa shi ne ya sauke darussa lokacin da sabis ke da ƙarfi, ya nemi abokai biyu ko uku su tsayar da rana a mako, kowa ya zo da aikin da ya yi a takarda ya warware shi a gaban sauran da Hausa, taki bayan taki, kuma kada a bar shi ya wuce babi na gaba sai sun tambaye shi dalilin ɗaukar rabin 10 a lissafin gonar nan ya kuma ba su amsa.