Garin da Ya Ƙi Tsufa

Ranar da na fara taka Kano, a jirgin ƙasa na iso, ina riƙe da gefen rigar Kawu. Mu Haɗejawa dogo bai bi ta ƙofarmu ba. Da layin Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930, ta Malam Madori ya ratsa, don haka can muka je muka hau. Zamanin Shagari ne, Kawu kuwa fataucin bandar kifi yake yi, irin wanda masunta ke kamawa a fadamun kogin Haɗejia in ruwa ya janye. Kasuwarsa Sabon Gari.

Tun a jirgi nake ta zana garin a raina: fenti fari fat, ƙofofi masu ƙyalli. Da muka isa sai na tarar da kwano ya yi tsatsa, bango duk ya dafe. Na ce, "Kawu, to ina sabon garin?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kai yaro, ai wannan ya girmi ubanka."

Gaskiya ya faɗa. Jirgi ya iso Kano a 1911, ya kwaso akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, har da mutanen Saliyo da na ƙasar da yau ake kira Gana. Turawa ba su so waɗannan mutane su zauna cikin birni ƙarƙashin Sarki da alƙalansa, ba su kuma so su raɓe su a Nasarawa. Sai wajen 1913 suka yanka musu fili a bayan ganuwa, aka ja tituna a miƙe, aka raba fuloti kamar gidan dara. Dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 ta ƙara tabbatar da tsarin, kuma jami'in Bature ne ke riƙe da wurin har 1940, lokacin da aka mayar da shi hannun En'e. A tsarin nan har fili ake bari, yadi 440, tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don sauro. Sauron Kano dai ban san ranar da ya koyi awo ba.

Sunan fa? Babu wani gwarzo ko wata rijiya a bayansa. Ga tsohon gari, ga sabo, shi ke nan. Irinsa aka yi a Zariya. Sunayen titunan ne ma suka fi ba da labari: na Aba, na Enugu, na Abeokuta, na Warri, kowa ya taho da garinsu ya kafa a bakin kwata. Na daɗe ina zaton titin France na ƙasar Faransa ne, ashe sunan mutum ne, G. E. France, wanda ya yi sarautar Sabon Gari. Kasuwar kuma an raɗa mata sunan Muhammadu Abubakar Rimi, amma ka ce wa mai Adaidaita ya kai ka can, sai ya tambaye ka, "Sabon Gari?"

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance wata dattijuwa ce, Bayarabiya, babbar mai sayen kifin Kawu. Shi yana kiran ta Iya, ita tana kiran sa Alhaji tun bai je Makka ba. A Sabon Gari aka haife ta, rikicin 1953 a kan idonta aka yi shi. Hausarta ta Kano ce tsantsa, har takan kwaikwayi tamu ta Haɗejia don tsokana. Wata rana ana cikin ciniki Kawu ya ce mata, "Ku baƙi akwai ku da son banza." Wasa yake yi. Ta ajiye kifin da ke hannunta ta dube shi.

"Alhaji, ni da aka binne cibiyata a nan ni ce baƙuwa? Kai da ka sauko daga jirgi jiya kai ne ɗan gari?"

Kawu bai ce uffan ba. Ya ƙara mata gyara.

Da na girma sai na riƙa haɗa maganarta da labarin da muka tashi muna ji a gida, na maharbi Haɗe da matarsa Jiya, waɗanda aka ce daga sunayensu aka samo Haɗejia. Shi ma Haɗen zuwa ya yi daga wani wuri. Amma sunansa ya zama na gari, har mu muna tinƙaho da shi. Su Iya kuwa an ba su suna da kullum yake cewa yanzu suka iso, ga shi an haura shekara 110 ana faɗa.

Bayan shekaru na koma neman rumfarta, na tarar Allah Ya yi mata rasuwa. Jikanta ne ya ba ni kujera. Ya ce in yi haƙuri ba zai daɗe ba, motar dare zai bi zuwa Ogbomosho, karɓo wa 'yarsa takardar shaidar asali don neman shiga jami'a. Na tambaye shi ko ya san garin sosai. Ya ce sau biyu ya taɓa zuwa, duk biyun jana'iza.