Tulun Mahaifiyarmu da Hatimin Abuja



Cikin kayan da mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙan ta, ta bari a gidanmu na Unguwar Sarki akwai wani tulu mai nauyi da sheƙi, da zanen ƙadangare a jikinsa. Magada suka wakilta ni in sayar. Da na kifa shi sai na ga ɗan hatimi da haruffan Larabci: Abuja. Tsohuwar Abuja ke nan, Sulejan yau, inda Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane. A can Ladi Kwali, mai hoto a bayan naira 20, ta kama aiki a 1954, kuma takan buga LK a kayanta. Sau uku ina duba gindin tulun, babu LK.

Wani dillali ya ce in dai ce nata ne, kuɗin zai ninka. Wallahi sai da zuciyata ta karkata, domin cikin magadan akwai ƙanwata mai riƙe da marayu uku. Amma da mai saye ya zo, na nuna masa hatimin, na ce shaidata iyakarta ke nan. Ya rage tayi, na sallama.

Mako biyu yayana bai amsa gaisuwata ba.