Kuɗin Tsohuwar Marsandi

Buhun gero da kwandon goro kowa ya san kuɗinsu ranar kasuwa, domin a idon jama'a ake cinikinsu kullum. Amma akwai hajar da sai a shekara goma ba a ga an sayar da irinta a gari ba, saboda haka babu bakin da za a tambaya ya faɗi kuɗinta kai tsaye. Tsohuwar motar gudu mai kujera biyu, irin wadda Turawa ke ƙerawa don nishaɗi, tana cikin wannan sahu. A wurin wani tarkacen ƙarfe ce, a wurin wani kuwa dukiya ce ta adanawa.

Mu wannan al'amari ta hanyar gado ya same mu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Mercedes-Benz 280 SL a gidanmu na Sabo, cikin Ibadan. Daga hannun wani Bature mai komawa gida ya saye ta, kuma sitiyarinta a dama yake, domin ta shigo ƙasar nan kafin 1972, shekarar da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi. Babban wanmu ya ce yana so ya riƙe ta, a cire kuɗinta daga rabonsa. Nan gizo yake saƙar. Idan aka yi mata kuɗi kaɗan, an ci haƙƙin iyayenmu mata da ƙannenmu da ba su balaga ba. Idan kuma aka tsawwala, an zalunci Yaya saboda ƙaunar da yake yi wa abin da mahaifinsa ya bari.

'Yan gwangwan suka zo suka taya ta da kuɗin nauyin ƙarfenta. Samarin gidan kuwa suka tashi da labarin da suka gani a intanet, cewa a 2022 an yi gwanjon wata Marsandi a birnin Stuttgart na Jamus a kan Yuro miliyan 135. Labarin gaskiya ne, sai dai waccan 300 SLR ce mai rufi ta 1955, wadda irinta guda biyu kacal aka ƙera. Tamu kuwa, tsakanin 1967 da 1971 kamfanin ya fitar da irinta har 23,885. Suna ɗaya ne, amma tsakaninsu akwai tafiya mai nisa.

Sai muka koma ga abin da masana wannan harka ke dubawa. Na farko shi ne asali. Kamfanin yana ajiye wa kowace mota katin da ke ɗauke da lambar injinta da ta gangar jikinta da launin da ta fito da shi. Motar da lambobinta suka dace da katin ta fi wadda aka sauya wa inji daraja nesa ba kusa ba. Na biyu shi ne tsatsa, wadda damunar Kudu ke shukawa a ƙarƙashin mota, inda fenti ba ya iya rufa mata asiri. Na uku takardu: rasiɗin saye da shaidar biyan kwastan. Na huɗu kuɗin gyara. Injinta mai silinda shida ba ya amfani da kafireto. Famfon Bosch ne ke tura masa mai, kuma makanikan da suka iya saita wannan famfo ba su da yawa. Kayan gyaranta ma ba a cika samunsu a kasuwar Ladipo ta Legas ba, sai an yi odarsu daga waje da kuɗin waje.

Da muka ɗaga tamu a gareji, muka tarar injin na asali ne, rufinta na ƙarfe mai ɗan lotsawa a tsakiya, wanda ya sa ake kiranta Pagoda, yana nan lafiya. Amma daɓen ƙarƙashin kujeru ya cinye, famfon mai kuma ya daskare. Muka nemo farashin da aka sayar da irinta a gwanjon Ingila, inda masu sitiyarin dama ke da kasuwa. Mun kula da kuɗin da aka biya a zahiri, domin kuɗin da mai kaya ya kira a talla buri ne kawai. Daga nan muka cire kuɗin gyara, da na jirgin ruwa, da la'adar dillali, da ladan jira, tunda mai saye ba gobe zai zo ba.

Abin da ya rage shi muka rubuta, tare da duk wani aibi da duk wata nagarta, aka karanta a gaban magada da waliyyin yara da dattawa biyu na unguwa. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sharaɗin dai shi ne ya san rariya ce ya saya. Abin da muka fahimta ke nan game da adalcin farashi: mai saye da mai sayarwa su zamo sun san abu ɗaya game da hajar, kada wani ya ci riba da jahilcin ɗan'uwansa.

Kuɗin ya ninka tayin 'yan gwangwan sau da yawa, ya kuma gaza mafarkin samari ƙwarai. Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci, domin ya cinye mafi yawan rabonsa, sa'an nan ya ce ya karɓa. Iyayenmu mata suka ce sun sallama, aka shafa fatiha.