Kafin Ki Kwance Akuyar Ƙarshe

A wannan mako zan ba ki labarin gidanmu ne, ko da ya ke ba abu ne mai daɗin faɗi ba.

Yayata malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Bulangu, cikin ƙasar Kafin Hausa. A daminar 2022 ta ji wani ƙullutu a nononta. Ta ɓoye wata biyar cur saboda kunya, tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Sa'ad da mu ka kai ta asibiti aka tura mu gaba, can kuma aka sake tura mu gaba, har aka tabbatar mana ciwon daji ne, ya kuma riga ya bazu. Likita ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, abin da ya rage mana shi ne mu rage mata zafi. Warkarwa sai Allah."

To, kin san halinmu. Ban gaya wa kowa wannan magana ba, har Inna. Mu ka shiga sayarwa. Awakinta shida su ka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan keken ɗinki, sa'an nan 'yan kunnen zinariyar da ta ke ajiye wa babbar 'yarta. Mijinta ya jinginar da fadamarsa. Rabin kuɗin nan bai ko shiga asibiti ba. Ya tafi wajen masu cewa suna da maganin daji sadidan, kwalba ɗaya kuɗin tunkiya, da kuɗin mota, da abincin 'yan dubiya. Duk wannan ba wanda ya zauna ya ce, shin akwai wani haƙƙi da baiwar Allahn nan ta ke da shi a wani wuri?

Ashe akwai, sai dai mun sani a makare.

Tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta buɗe wani asusu domin taimakon marasa ƙarfi masu ciwon dajin nono, da na bakin mahaifa, da na mafitsarar maza. An fara shi a manyan asibitoci shida, cikinsu har da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Gombe, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Ta hannun asibiti a ke nema, bayan ma'aikatan jin daɗin marasa lafiya sun bincika halin mutum. Ba na ce miki kuɗin suna isar kowa ba, ko suna fita da sauri. Amma mun sha wuce ƙofar irin wannan ofis da jakar magani a hannu, ba mu taɓa ƙwanƙwasawa ba. Kadan kin je babban asibiti da mara lafiya, ki tambayi inda ofishin ya ke tun ran farko. Tambaya ba bara ba ce.

Har wa yau akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Jigawa, wadda a ke kira JICHMA, da kuma asusun kula da lafiya a matakin farko wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa domin masu ƙaramin ƙarfi. Ba kowace cuta su ke ɗauka ba. Ki je da katin ki tambaya abin da ya shiga da wanda bai shiga ba, kada ki yanke wa kanki hukunci daga tsakar gida. Wanda kuma ciwo ya bari da makanta ko shanyewar jiki, a bincika masa alawus ɗin naƙasassu, wanda Gwamna Sule Lamido ya fara a 2007 da naira 7,000 a wata.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar takardu. Ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma a Jigawa ana yankar wani abu daga albashinsa kowane wata zuwa asusun fansho, kadan kuwa ya rasu yana bakin aiki akwai kuɗin da a ke biyan magadansa. Yaya ta shekara goma sha tara ana yankar nata. Wata rana da dare, zafin ya ɗan lafa, ta ce da ni, "Auta, jawo mini akwatin nan na ƙarƙashin gado." Mu ka zazzage. Ga takardar ɗaukar aiki duk gara ta ci gefenta, ga ta ƙarin girma guda ɗaya, sauran babu. Da na je aka duba fayil ɗinta, sai ga shi sunan Baba ne a gurbin wanda zai karɓi haƙƙinta, Baba kuwa ya shekara takwas a ƙasa. Da ba ta da rai a ranar, Allah kaɗai ya san yawan zirga-zirgar da za a yi tsakanin kotu da Dutse. Da ya ke tana da sauran ƙarfin riƙe alƙalami, cikin 'yan makonni aka gyara.

Na san abin da za ki ce. Ina za ki iya duban mara lafiya ki yi masa zancen takardar gado, a ce kina jiran mutuwarsa? Ni ma haka na ji tsoro. Amma Yaya ce da kanta ta ɗauko zancen. Ashe ta daɗe da gane inda ciwon ya nufa, tana yi mana kara, muna yi mata kara, dukiyar marayu tana zurarewa a tsakani.

Daga nan mu ka kira limamin unguwa. Ya karantar da mu abin da ya kamata a ce mun sani tun muna 'yan mata. Daga dukiyar mamaci a kan fara fid da kuɗin likkafani da binnewa, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya, kana a raba gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuwa yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada. Kyautar da mutum ya yi cikin ciwon ajali ita ma hukuncinta na wasiyya ne. Wanda aka rubuta sunansa a ofis kuwa mai karɓa ne kurum, rabon na shari'a ne. Ya kuma ce gidan da jiyya ta talauta, ko ta jefa cikin bashi, ya shiga sahun masu cin zakka, ba abin kunya ba ne a kai sunansa gun kwamitin zakka ko gun mai hali na gari. Mijin Yaya ya ƙi da fari, wai shi manomi ne, shi ke fitarwa. Liman ya ce da shi, "Malam, bara ka fitar. Bana Allah ya sa ka cikin masu karɓa." Da kaka aka kawo buhun gero biyu da na shinkafa ɗaya, da daddare, ba wanda ya gani.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. 'Yar Yaya, tana aji biyu na babbar sakandare, ita ta sayi littafi mai shafi arba'in ta rubuta duk wanda ya ke bin uwarta, da wanda uwar ke bi, da zubin adashin da ya rage, uwar tana faɗa tana rubutawa, shaidu biyu su ka sa hannu. A ciki aka ga naira 40,000 da wata maƙwabciya ta ranta tun bikin ɗanta. Matar ba ta musa ba, ta kawo.

Yaya ta cika a watan Sha'aban na 2023, a ɗakinta, Inna na riƙe da hannunta. Ba mu sake kai ta wajen mai kwalba ba. Kuɗin da ya rage mu ka sa a maganin rage zafin da likita ya rubuta, da madara, da katifa mai taushi. Haƙƙinta na aiki ya fito bayan watanni, aka raba a gaban alƙali, mijinta ya fanshi fadamar da nasa rabon. Akuya ɗaya ce ta tsira daga kasuwa, wata ja mai karyayyen ƙaho, bana ta haifi biyu.