Kafin Ka Yarda Da Bidiyon "Ruwa Ya Zama Fetur"

Na san ka taɓa cin karo da bidiyon nan: a haɗa ƙarafa biyu da batir, a tsoma a ruwa, kumfa ta tashi, wai an samu makamashi kyauta. Haidurojin ce kam, amma ba kyauta ba ce.

A lissafi, volt 1.23 ya isa ya raba ruwa, amma a masana'anta sai an kai wajen 2. Yawancin ƙarin nan zafi yake zama, asara kenan. Don rage ta ake narka sinadarin KOH kusan kashi 30 cikin ɗari a ruwan, a ɗumama shi zuwa digiri 80, a sa farantan nikel masu ƙananan ramuka, a matso da su kusa don kumfa ta daina tare wa wuta hanya.

Duk da haka kilo ɗaya na haidurojin yana cin kusan yunit 50 na lantarki, in ka ƙona shi kuma abin da zai dawo maka bai kai 40 ba. Shi ya sa ni dai ba na sauraron mai tallan mota mai shan ruwa. Riƙe kuɗinka.

Kuma don Allah kar ka gwada da ruwan gishiri a ɗaki, iskar kulorin mai guba yake fitarwa.